Ɗiyata ta ce bakwai cikin goma, ni na ce ruwa ba zai zo ba

Malam Harouna, don Allah ka taimake ni da shawara. Yau kwana goma sha biyu ɗiyata ba ta taka garkata ba, kuma ni na jawo.

Ni mutumin Tahoua ne, amma shekara talatin ke nan ina noman salati da shu, wato kabeji, a bakin kogi a Gamkalley. Ban yi lakwal ba, wato karatun boko. Ɗiyata Anisa kuwa, ba don ni na haife ta ba, kaf unguwarmu babu mai kai irin nata. Ita ta zo ta ɗaya a lissafi a makarantarsu, yanzu tana jami'a tana karantar yadda kogi ke hawa da sauka. Duk wanda ya zo sayen salati sai ya sha labarinta, ko bai tambaya ba.

Mun saba gardama da ita cikin raha. Ita a wurinta abin da ba a auna ba, ba a san shi ba, zato ne kawai. Ni kuma in ce mata ubana bai san lamba ba, amma ya bar mini sunan kowane ruwa. Akwai jan ruwa na damina, akwai baƙin ruwa mai zuwa da sanyi, akwai wanda yake kira mai sanɗa, da ke shigowa ta ƙarƙashin ciyawa ba a ji ba.

Da damina ta zo ƙarshe, maƙwabcina Mutari ya roƙe ni in tambayar masa Anisa ko zai iya dashe a fangalan da ke gab da ruwa. Ta duba lambobinta ta ce bakwai cikin goma ruwa ba zai kai can ba, uku cikin goma zai kai. To Malam, yaya zan tsaya gaban masu garka in ce bakwai cikin goma? Sai na ji kamar maganar wadda ba ta tabbata ba, ni kuma na riga na cika baki da ita. Na ce musu ɗiyata ta lissafa, ruwa ba zai zo ba, magana ta ƙare.

Abin da ya fi damuna, a safiyar ranar na taka ciyawa na ji ƙasa ta yi laushi, na san mai sanɗa na hanya. Na yi shiru don ina son maganarta ta zama a sama. Ni ban dasa a gab da ruwa ba. Mutari ya dasa, kwana shida ruwa ya shanye masa fangali goma sha huɗu.

Yanzu in ta wuce sai su ce ga madam lissafi. Ta ce da ni lambarta ba ta yi ƙarya ba, bakina ne ya haɗiye ukun. Na ji zafi, amma wallahi har a lokacin sai da ta burge ni. Wa ya fi faɗin gaskiyar duniya, lissafi ko magana? In na sani, zan san wanda zan ba haƙuri.

Mai garka, Gamkalley

Mai garka, sannu da wannan damuwa. Ka yi dacen ɗiya, kuma alfaharinka da ita halal ne.

Tambayarka malamai sun daɗe suna kokawa da ita, amma a garkarku ranar nan babu wanda ya gaza cikin biyun. Lissafi ya faɗi iyakar abin da aka sani, har da girman abin da ba a sani ba, wato ukun nan. Sunan da mahaifinka ya bar maka kuma ya nuna abin da lambobin ba su taka da ƙafa ba. Da Mutari ya ji uku cikin goma, ya kuma ji ƙasa ta yi laushi, da bai dasa ba. Kai ke riƙe da duka biyun, ka rage ɗaya ka ɓoye ɗaya.

Ita ma Anisa akwai gyara a nata. Lamba ba ta da baki, sai mutum ya ɗauke ta ya kai wa mutane, don haka ta koyi faɗin ta yadda mai garka zai yi aiki da ita. Sunayen ruwan nan kuma ta zauna ta rubuta su tun kana da rai, ilimi ne.

Amma kai za ka fara. Gobe da hantsi, a inda ka yi waccan magana, gaban mutanen da suka ji ta, ka faɗi ainihin abin da ta ce da abin da ka gani ka yi shiru. Ka ɗebi dashe daga naka ka taya Mutari sake shuka da hannunka. Za su ɗan yi maka dariya, ka jure. Yanzu ɗiyarka ce ke ɗauke da kunyar da take taka, ka je ka karɓi kayanka.

Allah Ya albarkaci karatunta, Ya mayar wa Mutari da alheri, Ya dawo maka da ita garka.