Ƙarfen da Ya Tsallaka Maraɗi

Jibiya,
18 ga Satumba, 2000.

Zuwa ga Yayana, Fasto Ɗanladi,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kana lafiya, da Yaya Saratu da yara, da aikin majalisar gunduma a Katsina. Mu nan sai godiya, gero ya yi kyau bana.

Yaya, ka san halina, ban iya kewaye-kewaye ba. Maganar ƙarfen makarantarmu ce. Ka tuna wilin tirelar nan da ke rataye a bishiyar bedi, wanda ake bugawa a shiga aji, a fita tara, a tashi? To, shi ke neman haukata mini yara.

Bayan rikicin Kaduna an kawo mana yara bakwai wurin danginsu, huɗu suna ajina. Da an buga ƙarfen nan sai ka ga wannan ya shige ƙarƙashin benci, wancan ya saki fitsari a wando. Wadda ta fi tsaya mini a rai Asabe ce, 'yar shekara takwas, wadda aka kashe ubanta. Ita ba ta kuka, ba ta ma yi magana ba tun da ta zo. Zabura kawai take yi ta zura da gudu. Na tambayi uwarta, ta ce a unguwarsu falwaya ake bugawa da ƙarfe in an hango maharan sun taso, kuma ƙarar iri ɗaya ce sak. Wato kullum mu da kanmu muke gaya wa yarinyar nan ga su nan tafe, sannan mu zane ta don ta gudu daga aji.

Na sami Baba Maɗugu, shugaban dattawan ikilisiya, tunda makarantar a hannunsu take. Na ce a sauke ƙarfen, a nemi wata dabara. Kai, da ka ga kallon da ya yi mini! Ashe tun da aka ƙaddamar da Shari'a wasu samari sun zo sun ce ƙarar ta yi yawa, a rage. Shi kuma ya ce ba ragi, ya ma sa a riƙa ninka bugun don gari ya san muna nan. Yaran kuwa, wai iskoki ne suka shafe su, a haɗa su a yi azumi da addu'a. Azumi, Yaya! Yaran da ko cin kirki ba sa yi.

Ni ban ce a sunkuya wa kowa ba. Da ni samarin nan suka tarar, da sun ji abin da ba su so. Amma raina yana ɓaci in ga muna nuna jarumtarmu a jikin marayu. Kai ne sakataren majalisa, maganarka tana da nauyi. Don Allah ka rubuto wa Baba Maɗugu.

A gaida Yaya Saratu. Ku huta lafiya.

Ƙanwarka,
Rifkatu.

Katsina,
27 ga Satumba, 2000.

Zuwa ga Malama Rifkatu Gambo,

Alheri da salama su tabbata a gare ki. Wasiƙarki ta iso, na kuma karanta ta a tsanake.

Ina yaba tausayin da Allah ya sa miki. Sai dai ina so ki gane lokacin da muke ciki. A wurare da dama ana hana mu fili, ana ƙirga mana abin da za mu yi da wanda ba za mu yi ba. Idan Jibiya ta sauke ƙarfenta yau, gobe za a je wata ikilisiya a ce ai 'yan'uwanku ma sun sauke. Ba wanda zai tsaya jin cewa don yara aka yi. Baba Maɗugu ya ga abin da ba ki gani ba, kuma bai kyautu in tsallake dattawan wuri in ba su umarni ba.

Yara suna mantuwa. Ki dage da addu'a, ki ba su lokaci, za su saba. Mu manya ma haka muka yi.

Ki tuna kuma ni na tsaya miki aka ba ki aikin nan, da sunan mahaifinmu Mai Bishara Gambo. Na san bakinki, Rifkatu. Ki riƙe shi.

Saratu tana gaishe ki. Ubangiji ya kiyaye ki.

Naki cikin Almasihu,
Fasto Ɗanladi Gambo.

Jibiya,
16 ga Oktoba, 2000.

Yaya,

Ina gaisuwa. Ina fata gida lafiya. Na san labari ya riga wasiƙar nan zuwa, amma gara ka ji daga bakina.

Ka ce za su saba. Ran Talata aka buga tashi, Asabe ta tsallake shingen makaranta ta faɗa titin kan iyaka, daidai inda manyan motoci ke sakin wuta in sun baro kwastan. Wani direban Maraɗi, Kalilu, ya taho da lodin wake. Ya taka birki har buhuna suka zubo. Da na iso tana kwance gaban tayar, ko ƙwarzane babu, idonta a buɗe. Kalilu ya diro, ya ce, "Madam, mi kuke yi ma ɗiyan mutane a lakwal ɗin nan taku?" Makarantarmu yake nufi, Yaya. Kunya ta kama ni, sannan fushi ya biyo baya.

Da yara suka watse na kai shi gindin bedin, na gaya masa komai. Shi da yaran motarsa suka kwance wilin, suka jefa bisa lodi. Ya ce maƙeran Maraɗi sun san abin da za su yi da shi. Ƙarfenku dai yana Nijar yanzu, ko fasfo ba a tambaye shi ba.

Abin da ban hango ba shi ne washegari. Ba wanda ya ce bari mu bincika. Nan da nan aka ce Musulmi ne suka sace, aka ɗora wa Lawwali mai faci na bakin titi, wai shi ke harka da wili. Kafin Asabar samarinmu sun fara tara sanduna a bayan coci.

Ran Lahadi, lokacin sanarwa, na miƙe. Na ce, "Ku bar Lawwali ya sha iska. Ni na sauke shi, ni Rifkatu ɗiyar Mai Bishara Gambo, kuma in aka rataya wani zan sake saukewa." Wata daga zumuntar mata ta ce, "Wayyo, an saye ta!" Na ce, "Mama, wa zai saye ni da bakin nan?" Baba Maɗugu ya ce in fita. Na fita, na zarce rumfar Lawwali na ba shi haƙuri, tunda ba dattijon da ya yi niyyar zuwa.

Sun sa ni a horo, an hana ni cin Jibin Ubangiji, sai zama a kujerar baya. Maganar aiki kuma sun tura muku. Ka yi abin da za ka yi.

Na gaishe ku.

Rifkatu.

Katsina,
30 ga Oktoba, 2000.

Malama Rifkatu,

Bayan gaisuwa. Kin zubar mini da mutunci a gaban majalisa, amma ba wannan ne dalilin rubutuna ba.

Majalisa ta zauna ta yanke kamar haka. An sayi sabon wili, kuma ni aka wakilta in kawo shi Jibiya ranar Litinin, goma sha uku ga wata mai kamawa. Za a rataya shi a gaban dattawa da yara. Ke za ki fara buga shi da hannunki, ki roƙi gafara, a ɗage miki horo, magana ta mutu. Idan kin ƙi, takardar sallamarki tana aljihuna.

Sai da na roƙa kafin a ba ki wannan dama. Bugu ɗaya ne, Rifkatu. Idan aka kore ki, wa zai kula da yaran da kike magana a kansu? Ki yi tunani.

Ubangiji ya ba ki zuciyar biyayya.

Fasto Ɗanladi Gambo,
Sakatare.

Jibiya,
6 ga Nuwamba, 2000.

Yayana,

Ina gaishe ka da girmamawa, har da kujerar sakatare.

Ba zan buga ba. Ka taho da takardar, kada ka manta ta a wata rigar.

Bari ka ji abin da ya faru tun da makaranta ta yi shiru. In lokaci ya yi, 'yan aji shida ke tada waƙa, sauran su amsa, kowa ya shiga aji. Ba wanda ya makara fiye da da. Ran Juma'a kuma in an tashi, ina kwasar yaran Kaduna mu tsallaka rumfar Inna Habsatu mai tuwo, don ita ta ba mu wuri da dattawa suka hana mu aji. Muna baza tabarma, in ba su yumɓu su yi ta gini. Wanda ya ga dama ya yi magana, wanda bai ga dama ba a ƙyale shi. Ba wa'azi, ba tsawa. Iyaye mata ma sun fara zuwa, kuma sun fi yaran kuka.

Juma'ar da ta wuce Asabe ta ja mini zane, ta ce, "Malama, sun daina zuwa ne?" Muryarta a dishe. Na ce sun daina. Ni na faɗa mata haka da bakina, sannan kana so ta ga ƙarfe a hannuna? Ina! A kore ni ɗin.

Ka rubuta cewa ku manya kun saba. Kana Kaduna wurin taron fastoci lokacin da abin ya ɓarke. Ka dawo ba takalmi, ka ce mana an gode Allah, shi ke nan. Ban taɓa tambayarka ba, yau ma ban tambaya ba.

Allah ya kawo ka lafiya.

Ƙanwarka,
Rifkatu.

Katsina,
15 ga Nuwamba, 2000.

Rifkatu,

Ina gaisuwa. An ce kina Bugaje wurin Goggo, shi ya sa na aiko can.

Kin karɓi takardarki a bakin ƙofa kin wuce, ba ki ga sauran ba. An rataya wilin. Baba Maɗugu ya miƙo mini guduma, ya ce tunda ƙanwar ta ƙi, wan ya buga. Na buga.

Ban san lokacin da na yar da gudumar ba. Na dai tsinci kaina a bayan ajinki, tsugune jikin bango, rigata sharkaf da gumi, numfashi ya ƙi fita. Yarinyar nan, Asabe, ta riga ni zuwa wurin. Ta matsa ta ba ni wuri. Ta ce, "Fasto, ka toshe kunne, zai wuce."

Dattawa suka zo suka ɗaga ni. Suka ce zazzaɓi ne, gajiyar hanya ce. Na ce e, zazzaɓi ne.

Hukunci yana nan yadda yake. Ana buga ƙarfen. Uwar Asabe ta cire ta daga makaranta, na ji sauran ma za su cire nasu.

Zaman nan naku na Juma'a, ana karɓar manya maza?

Ɗanladi.

Bugaje,
19 ga Nuwamba, 2000.

Yaya,

Sannu. Na yi kuka da na karanta, Goggo ta zaci mutuwa aka yi.

Gobe zan koma Jibiya. Ba majalisar da za ta kore ni daga rumfar Inna Habsatu. Ka zo Juma'a, akwai tabarma, kuma ba wanda zai tambaye ka komai.

Amma in mun tashi, ka wuce gidan Baba Maɗugu ka gaya masa ba zazzaɓi ba ne. Ni an kore ni, bakina ba ya shiga majalisa. Naka yana shiga, kuma yara bakwai suna zaune a gida.

Sai ka zo.

Rifkatu.