Ɓular Sama da Ɓular Ɗakina

Zuwa ga hasken idona, sanyin zuciyata, ruwan farkon daminata, Malam Sharhabilu likitan sararin sama, wanda ya bar Batsari ya tafi Afirka ta Kudu jinyar iska!

Bayan gaisuwa mai yawa, ya karatu, ya kuma mai jiki? Ina nufin ɓular nan ta ozon da ke can saman ƙarshen kudancin duniya, wadda kake raino dare da rana. Allah Ya ba ta lafiya. Ni ma ina nan da raina, ko da yake ba ka tambaya ba.

Ka tuna ranar da muka haɗu a gidan Gwaggo Uwani a Runka, na dama maka fura? Ka ɗago ka dube ni, na ce a raina yau zan ji zancen da kowace budurwa ke jira. Sai ka karɓi ludayi ka juya furar, ka ce haka iska mai tsananin sanyi ke kewaya kudancin duniya, a cikinta ne ozon ɗin da ke kare mu daga ƙunar rana yake lalacewa. Ka bubbuga gefen ƙwaryar, ka ce haka manyan igiyoyin iska ke tasowa daga ƙasa su girgiza ta, ɗumi ya shiga, ɓular ta ragu. Kai, wannan kalaman soyayya! Rabin furar a zanena ya ƙare, ni kuwa wauta ta sa har yau ban yar da zanen ba.

Ya farin watana, shekarar da igiyoyin suka yi ƙarfi ka ce abin mamaki ne, a ɗaga biki. Da suka yi rauni ɓular ta buɗe, ka ce abin tsoro ne, a ɗaga biki. Wace irin iska ce za a yi ka ce a ɗaura? Kuma ita baiwar Allah ba ta tashi buɗewa sai da kaka, daidai lokacin da mutanen kirki ke aure!

To, ga wata ɓular da ba ka auna ba. Ɗakin da ka gina mini, iskar bazara ta yaye masa kwano ɗaya. Ruwa ya jiƙe bango, awakin Daudu maƙwabcinku sun tare a ciki. Sun riga ni tarewa, masoyi, ko lalle ba a sa musu ba.

Dariya nake yi, amma wallahi raina a ɓace yake, kuma kewarka ta hana ni sakat. Baba Malam ya faɗa ba da wasa ba: idan gero ya shiga rumbu bana iyayenka ba su zo an sa rana ba, zai mayar musu da kayansu. Ba ni da bakin da zan ƙara roƙonsa, na roƙa har na ji kunya.

Kai ka gaya mini ɓular sama tana rufe kanta kafin shekara ta fita. Wannan ta ɗakin ba ta iya ba, sai an hau da guduma. An fara yankan gero, Sharhabilu.

Taka har abada, wadda ba ta taɓa duban wani ba, kuma ba ta son a sa ta koya,

Mahfuza