Sai Kin Ce Yanzu

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara, da ɗaliban da kike gasa wa lissafi. Na cusa wannan takarda a jakar magungunan Mama, don na san da ta iso wurinki ita za ki fara buɗewa ki duba ko na yi shirme. Shekara biyu ke nan da kika ce ba zan ƙara jin muryarki ba, kuma kin cika alkawari har a waya. Amma na yi tunani na ga ba ki hana rubutu ba.

Ga abin da ya faru. Akwai na'urar wasan da na saya wa 'yan biyu, irin wadda ake haɗawa da talabijin. Ashe in mutum ya yi rajistar wata-wata, suna buɗe masa tsofaffin wasannin 'yar na'urar hannu irin tamu ta da. Mai askin da ke jikin kantina na tabarau ne ya gaya mini, ya zo in gyara masa ƙafar tabarau. Na koma gida ina duba jerin, sai ga mutumin nan mai fitila na wasanmu. Yaya, shi ne wallahi. Hularsa, kogonsa, har kiɗan nan mai kama da kukan sauro. Na sandare a tsakiyar falo da jaka a kafaɗa, maman 'yan biyu tana tambayata ko rasuwa aka yi.

Na riga na cika wa yara baki cewa ubansu ya kai mataki na takwas, sai na zauna zan nuna musu. Babban yatsana na dama yana aiki lafiya lau, na hagu kuwa bai san komai ba. Mutumin ya tsaya wuri ɗaya yana ta tsalle, yara suna birgima don dariya. Shekara talatin da ɗoriya ina ɗauka na iya wasan nan, ashe rabinsa na iya. Na'ura ɗaya Baba ya saya mana, Allah ya ji ƙansa, ke kina riƙe gefen hagu kina tuƙi, ni ina gefen dama ina jiran ki ce "yanzu" in danna tsalle. Ai daga nan ya raɗa miki Direba, ni kuma Kwaɗo.

Abin riƙewar na zamani rabuwa yake yi gida biyu, hagu da dama, sai ka ce don mu aka ƙera shi. Na ba maman 'yan biyu hagun, ta tuƙa ni cikin rami sau shida tana amsa waya.

Roƙona ɗaya ne. In Mama ta gama watanta a wurinki, kada ki haɗa ta da direba kamar kullum. Ki kawo ta da kanki. Gadar mataki na takwas tana nan, har yau ba mu haye ta ba.

Ƙaninki mai ladabi,
Kwaɗo

*

Zuwa ga ƙanena,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Mama ta iso lafiya. Magungunan sun cika, sai dai ka rubuta na safe a kwalin na yamma, na gyara.

Na karanta takardarka, kuma akwai gyare-gyare. Na ɗaya, ka gaya wa yaranka gaskiya: gwaggonsu ce ta kai mataki na takwas, ubansu fasinja ne mai danna abu ɗaya. Na biyu, kiɗan ba ya kama da kukan sauro, kunnenka ne bai taɓa yin kyau ba. Na uku, tunda tarihi kake tonowa, kai ne kake zare batir daga rediyon Baba, ni ake yi wa faɗa saboda ni ce babba.

Na huɗu shi ne mai muhimmanci. Ka san abin da ya hana mu haye gadar nan? Ba wuyarta ba ce. Gadar tana tafiya tana dawowa, ni nake lissafa lokacin, kai kuwa ba ka taɓa jiran in ce "yanzu" ba. Da ka ga gada sai yatsanka ya yi ƙaiƙayi. Haka muka yi ta faɗawa har ranar da gilashin na'urar ya mutu. Kuma haka ka yi da gidan Mama. Halin bai canja ba, furfura kawai ya ƙara.

Saboda haka direba zai kawo ta ranar da aka saba.

Mama tana gaishe ku. Ta ga ina rubutu ta tambaye ni wa nake rubuta wa, na ce wani ɗalibi ne da ya kasa darasi ɗaya tun yana shekara takwas.

Yayarka

Ƙarin bayani: jemagen mataki na uku, har yanzu ta hagu yake fitowa? Don sani kawai nake tambaya.

*

Yaya Direba,

Gaisuwa da fatan alheri. Da direban motar ya miƙo mini ambulan na ga rubutunki, sai da na sa wa wani dattijo tabaran matarsa, ya fita yana laluben ƙofa.

Ta hagu yake fitowa, bai fasa ba. Ya cinye mu sau goma sha ɗaya. Na ce "mu" saboda mai aski na ɗauka direba, yana zuwa in ya rufe shago. Hannunsa bai san komai ba sai kewaye, kullum yana so ya zagaya kogon kamar ƙeyar mutum. Amma akwai wani abu da suka ƙara a na zamanin: in ka faɗa rami, kana iya danna wani wuri a mayar da kai baya kaɗan, ka sake. Da shi muka rarrafa har mataki na huɗu.

Zancen gidan kuwa, Yaya, ki duba ta gefena. Mama ta zame a banɗaki, matakalar nan hawa biyu ta fi ƙarfinta, wanda ya ba mu hayar gidan kuma yana da mai son kamawa. Ke kina tsakiyar duba jarrabawa. Na ce bari in kwashe ta zuwa gidana in miƙa makulli tukuna, gobe in gaya miki. Goben ce ta yi ta matsawa. Ni dai a ganina alheri na yi, gaggawa ce kawai ta ɗan yi yawa.

Ki gaida maigidan, ki ce masa ina jinjina masa.

Naki,
Kwaɗo

*

Ƙanena,

Salamu alaikum. Ina fatan dattijon ya isa gida lafiya.

Ban taɓa cewa ɗauke Mama laifi ne ba. Da ka tambaye ni, da ni zan naɗe katifar da hannuna. Bari in gaya maka abin da ba ka sani ba, tunda ba ka taɓa tambaya ba.

Ranar da na gama duba jarrabawa na shiga mota ban gaya wa kowa ba, ina so in ba Mama mamaki. Na hau matakalar da kaya niƙi-niƙi, na sa makullina, ya ƙi juyawa. Ina ta kokawa da shi sai wata mata ta buɗe da ludayi a hannu, ta ce, "Baiwar Allah, wa kike nema?" A ƙofar da na girma. Ta bayanta na hango tagar baranda, inda muke zama a kan akwatin kayan aikin Baba saboda gilashin na'urar ba ya ganuwa sai da hasken rana. Sun ajiye firji a wurin. Na ba ta haƙuri na ce ɓatan kai na yi, na sauko na zauna a matakala ta ƙarshe na yi kuka, ni da nake sa manyan samari kuka a aji. Na ji kunya, na ji kamar an cire ni daga gidanmu ba a ko sanar da ni ba. Abin da ke raina ke nan, ba gidan ba.

Yanzu zancen tafiya. Mama ta ce ƙafarta ƙafata, wai tuƙin direban yana sa ta jiri, abin da ba ta taɓa faɗa ba a shekara biyu. Na san aikinta ne, amma uwa ce. Zan kawo ta ranar Asabar in kwana biyu. Maganata tana nan: zan gaisa da matarka da yara, kai ba zan yi maka magana ba. Hagun kuwa zan karɓa, don abin kunya ne a ce mai aski ke tuƙa ɗan gidanmu. Kuma kada in ga an taɓa abin mayar da baya ɗin nan. Wanda ya faɗa rami ya faɗa.

Yayarka

*

Kwaɗo,

Ina kwana. Na ba matarka wannan ta sa maka a ƙarƙashin kofin shayi kafin ka fita kanti.

Ɗakin da aka ba ni yana da kyau, ka yi wa matarka godiya, ta fi ƙarfinka. Jiya daga la'asar zuwa magariba na kai mu mataki na takwas ba tare da na buɗe baki ba, ka ga shaida cewa tuƙi shi ne wasan. Ramukan baya duk ka tsallake su da kanka, ban ce komai ba.

To me ya same ka a gada? Sau tara ina kawo mu bakinta daidai, lokaci yana yi, kai kana zaune da abu a hannu kana kallon talabijin. Sau tara mutumin yana tafiya salin-alin ya faɗa. Na zungure ka da gwiwar hannu, na buga ƙafa, na yi gyaran murya har Mama ta aiko mini da ruwa. A da ba ka jira, yanzu kuma ka mutu a zaune. Gobe da safe zan koma. Ina son bayani a rubuce.

Yayarka

*

Yaya,

Barka da rana. Daga kanti nake rubutowa, maman 'yan biyu za ta biyo ta karɓa.

Yatsana lafiyarsa ƙalau. Duk sau taran nan na ga lokacin, har ƙaiƙayin na ji, na danne. Zungura ba ita ce ƙa'idarmu ba, gyaran murya ma haka. Ba ki ce "yanzu" ba.

Takardarki ta ƙarshe kafin ki zo, na karanta ta a nan bayan teburin kanti, na rufe kanti na kusan awa ɗaya. Ban san kin je ba. Ban san kin tsaya a ƙofar nan da makulli a hannu ba. Na yi ta ba kaina uzuri da matakala da jarrabawa, alhali kiran minti ɗaya ne ya gagare ni, saboda na saba in yi tsalle ke ki gyara saukar. Na yi laifi, Yaya, ba gaggawa ce ta ɗan yi yawa ba, laifi ne. Ki yafe mini.

Gadar ba ta dame ni ba, ko mu haye ko kada mu haye. Ina kewar muryarki, har faɗan. In kin ga dama mu faɗa ramin nan sau ɗari, zan zauna in riƙe gefena. Amma ba zan ƙara tsalle ba sai kin ce.

Ƙaninki,
Kwaɗo

*

Kwaɗo,

Na gani. Ka rufe kanti ƙarfe huɗu, ka ce wa mai aski yau ba a bukatarsa.

Zan faɗi kalmar. Amma ka sani, akwai maganar shekara biyu a bayanta, kuma ba a tsallake ko ɗaya. Na kira maigidan na ce sai Laraba.

Ka taho da batir, rediyon Mama ya mutu, kuma wannan karon kai za a yi wa faɗa.

Yayarka,
Direba