Mijina Bai Taɓa Mayar Da Kofin Baƙo A Cike Ba

Yaya Ok-bun,

Don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle. Ban taɓa rubuto wa jarida ba, hannuna ya fi sabawa da wuƙar kifi, saboda haka ki yi haƙuri in na yi ta zagaye.

Ni da mijina muna da gidan cin kifi a bakin tashar jiragen ruwa, a wani ƙaramin gari na kudu. Ba zan faɗi sunan garin ba, don kowa ya san kowa. Ni ce a kicin: ɗanyen kifi yankakke, kaguwa, jatan lande, da miyar barkono da nake yi da kan kifi da ƙashin da suka rage. Shi kuma yana gaba, wajen teburin sha. Bari in kira shi Du-man. Ba don mijina ba ne, amma ban taɓa ganin wanda ya iya karɓar mutum kamarsa ba. Baƙo zai shigo fuska a murtuke, kafin miya ta tafasa sai in jiyo shi yana ba Du-man labarin 'yarsa da ta daina kiransa a waya. Ɗakunan kwanan da ke samanmu, waɗanda yanzu 'yan Seoul ke rububin kamawa don su ɗauki hoton teku ta taga, asali ba don gayu aka yi su ba. Wani abokinsa ne ya sha ya kama hanyar gefen dutse da mota, bai isa gida ba. Sai Du-man ya gyara saman da hannunsa, duk wanda ya sha ya wuce kima sai ya karɓe masa makullin mota ya ce hau ka kwanta. Na yi mita har na gaji, tunda ni ce da wankin zanen gado, amma a raina alfahari nake da shi.

Ga matsalar. Kin san yadda tsofaffin masunta suke. Mutum ya shanye soju ɗinsa, wato farar giyar nan tamu, ya miƙo maka kofin ya zuba maka, ka karɓa da hannu biyu ka shanye, sannan ka mayar masa kai ma ka zuba. Yaran yanzu sun bar wannan, amma a wajenmu tana nan daram. Du-man bai taɓa mayar da kofin kowa a cike ba. A bazarar nan likita ya ce hantarsa ta gaji, in bai daina sha kwata-kwata ba, kada mu sa ran zai yi nisa. A gabana aka faɗa. Muna fitowa ya sa na yi masa alkawarin ba zan gaya wa kowa ba, wai ba ya son a riƙa yi masa kallon tausayi a cikin gidansa.

In mu kaɗai ne ya daina, wannan na ba shi. Amma akwai Baba Pyo, babban tsofaffin masu jirgi, wanda ya koya masa aikin teku tun yana saurayi. Da ya ɗaga kofi yana kiransa, wai zo nan kai ragon da ya gudu daga ruwa ya ɓuya bayan tukunyar matarsa, sai in ga Du-man ya sunkuyar da kai ya miƙa hannu biyu. In kuwa ya karɓi na Baba Pyo, da wane ido zai ƙi na sauran? Na gwada cika kwalba da ruwa, tunda kalarsu ɗaya, na manta daga kwalbar baƙo ake zubawa. Na gwada ƙwala masa kira daga kicin duk lokacin da na ga kofi ya nufo shi, suka ce to, uwargida ta fara saka wa kaftin linzami. Har dariya na taya su, na koma ciki na zauna kan akwatin ƙanƙara na yi kukana.

Farin idonsa ya fara komawa rawaya. Na ce mu rufe teburin sha mu bar abinci da ɗakuna, ya ce to tsofaffin nan ina za su, waɗanda matansu suka rasu, 'ya'yansu kuma suna can birnin Busan? Gaskiyarsa ce, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Yaya, in karya alkawari in tona shi, ko in yi shiru in zuba ido? Tsoro nake ji. Ina son mutumin nan.

Taki,
Mai Wuƙar Kifi

Ƙanwata Mai Wuƙar Kifi,

Ba ki yi zagaye ba, kin dai yi zancen mijinki ne, kuma ya cancanta. Mutumin da ya mayar da baƙin cikin rashin aboki ya zama gadon kwanan wasu ba a samunsa kowane gari.

Bari in fara ba shi gaskiyarsa. Ba kwaɗayin giya ke sa shi miƙa hannu ba. Kofin nan shi ne gaisuwarsa ga mutanen da suka raine shi, kuma namijin da ya saba shi ke tallafar kowa yana jin nauyin a gan shi yana neman tallafi. Kada ki rufe teburin, kada kuma ki sake dabarar ruwa a kwalba. In ya gane ana yi masa wayo kamar yaro, taurin kai zai ƙara.

Amma ke ma kina da taki gaskiyar, kuma ta fi tasa nauyi. Alkawarin da kika yi a ƙofar asibiti, kin yi shi ne a kan zai daina sha. Bai daina ba.

Ga abin da zan yi in ni ce. Kada ki je bayan idonsa. Ki zaunar da shi da safe, kafin ya tafi sayen kifi, ki ce kin janye alkawarin: ko ya gaya wa Baba Pyo da bakinsa, ko ke ki je. Baba Pyo kaɗai, ba dukan teburin ba. Girmama na gaba ne ya ɗaure mijinki, shi ne kuma zai kwance shi. Ranar da dattijon nan ya miƙo masa kofi da shayin sha'ir a ciki, babu ƙaramin da zai yi gangancin zuba masa soju. Zai ci gaba da karɓa da hannu biyu, ya ci gaba da zuba musu, ba a rage masa komai ba sai guba.

Kuma kada ki yi mamaki in kika tarar sirrin ya daɗe da fita. Mutanen da ke gane kifin jiya daga idonsa, kina zaton ba su ga idon Du-man ba? Wataƙila su ma kunya ce ta hana su daina miƙo masa, kada ya ga kamar sun cire shi daga cikin maza. Kowa na jiran wani ya fara magana.

Ku koma wajen likita tare, ya tsara masa yadda zai bari, don wanda ya daɗe yana sha ba ya yankewa da ka.

Zai yi fushi, ƙila ya kwana biyu bai kula ki ba. Ki bar shi ya yi. Fushin mai rai ne, za ki iya zama da shi. Allah ya ba shi lafiya, ya bar ku tare.

Yayarki,
Ok-bun