Jan Biron Na-Taga

Talata, daga ɗakin wankin ƙoda

Akuna,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ya karatu, ya 'yan ɗakinmu, ya Malamar Lissafi da gilashinta mai zamewa? Ina fata tarin nan ya sake ki. Ni dai da sauƙi, haka aka koya mini in riƙa cewa.

Ki yi haƙuri da rubutun, a kan cinya nake yi, hannun hagu yana wurin inji. Kin ce in ba ki labarin wurin kamar kina gani. Kujeru takwas ne masu kwanciya, kowace da injinta. Talata, Alhamis da Asabar nake zuwa, awa huɗu jinina yana fita ta wata roba yana dawowa ta wata. Kafin ki zauna sai kin hau sikeli, Babbar Nas ta faɗi nauyinki da ƙarfi har na bakin ƙofa ya ji. Kofi biyu na ruwa aka yarda in sha a yini. Makon jiya na ƙaru da kilo biyu, sai ta ce wa Mama ta sa wa famfon gida kwaɗo, wai an samu ɓarauniyar ruwa. Kowa ya yi dariya, har Mama ta ɗan yi.

Amma ba wannan zan gaya miki ba. Aku, akwai wani.

Kujerarsa ce ta jikin taga, tawa na biye da ita, shi ya sa a raina nake ce masa Na-Taga. Bai fi ni da shekara ɗaya ba. Dogo ne, yatsunsa sirara, kullum da ƙanƙara a bakinsa yana tsotsa don ta daɗe. Yayarsa malamar firamare ce, ita ke kawo shi, ta jibge masa littattafan 'yan ajinta a kan teburin da ke tsakaninmu ta tafi aiki, shi kuma ya yi ta duba musu da jan biro. Ba ya yafe ko ɗigo. Na ga ya ba wani yaro sifili har da yi wa sifilin ido da baki.

Wata biyu ban iya ce masa ko sannu ba, kin san Kunkurunki. Ranar Asabar ina karanta littafin nan da kika ba ni aro, mai shuɗin bango, na zo inda yarinyar take ban kwana da saurayin a gadon asibiti, hawaye ya ɗiga a shafin. Sai na ji ya yi magana, ko juyowa bai yi ba. Wai in duba masa, a cikin littafin akwai inda majinyacin ya yi susa har ya fitar da jini? Akwai inda bakinsa ya yi wari budurwar ta kau da kai? Ya ce in babu, in daina ɓarnar ruwa, kofi biyu ne kawai gare ni.

Na rasa inda zan sa kaina. Amma ki duba fa, ya san kofi biyu ne. Ashe yana sauraron abin da ake faɗa a kaina. Haka samarin littafi suke farawa duka, da tsiwa, ke ma kin sani.

Ki gaida kowa, amma kada ki karanta wa kowa.

Taki har kullum,
Kunkuru


Asabar

Akuna abar ƙaunata,

Ina gaishe ki da kyau, ina fata kin wuce gwajin tsakiyar zango lafiya. Wasiƙarki ta iso ta hannun Antinki, na karanta sau huɗu. Na bi shawararki: na daina jiran a rubuto mini labarina, na sayi littafin rubutu na fara da kaina. Ban sa suna ba, shi da ita ne kawai. Babi shida na yi a mako biyu, sai na maƙale a na ƙarshe, don ban taɓa ganin yadda ake mutuwa ba.

Ranar Alhamis na gani.

Saura awa ɗaya a cire shi daga inji jininsa ya faɗi. Injinsa ya hau kuka, ƙafafunsa suka ƙame, ya yi amai a rigarsa, idonsa ya juye sai fari. Nas biyu suka ruga, aka kwantar da kujerar kansa a ƙasa, aka ja labule. Labulen bai rufe duka ba, akwai tsaga daidai fuskata. Aku, zan gaya miki abin da ba zan gaya wa kowa ba. Ban yi addu'a ba. Na buɗe littafina na yi ta rubutu, ina kallo ina rubutu, hannuna ko rawa bai yi ba. Yadda yatsunsa suka saki jan biron ya gangara ƙarƙashin kujerata. Yadda laɓɓansa suka yi toka. Aman dai na cire, na sa hasken taga a wurinsa.

Ya farfaɗo, kada ki tsorata. Amma a littafina bai farfaɗo ba. Ga kaɗan ki ɗanɗana: “Ya ɗago idonsa da ƙyar, ya nemi fuskarta. Ta riƙe hannunsa da hannu biyu, ta ce masa tana nan, ba inda za ta. Ya yi murmushi, ya saki numfashinsa a hankali kamar mai ajiye kaya.” Shafi uku ne. Ban taɓa rubuta abu mai kyau kamarsa ba. Da na gama na yi kuka mai daɗi, irin wanda muke yi a ɗaki ranar hutu.

Yau ya dawo, ya rame kamar an matse shi. Na miƙa masa bironsa, ya ce ashe ina da hannu, ya ɗauka shafi kawai nake da shi. Ya tambayi me nake rubutawa kullum kamar sakatariyar kotu, na ce lissafi ne. Sai ya fasa ƙanƙararsa da haƙori, ya tura mini rabi a murfin kofi. Ke ba za ki gane ba. A ɗakin nan wanda ya ba ki rabin ƙanƙararsa ya ba ki abin da ya fi zobe.

Akwai wani labari kuma. An gwada Yayarsa, jininsu ya dace, za ta ba shi ƙoda ɗaya. Duk ɗakin ana ta barka. Ni ma na ce barka, amma abin da ya fara zuwa raina shi ne ya ɓata mini ƙarshen labari. Kada ki tsane ni. Ni an gwada Mama ba ta dace ba. Baba ya ce yana nazari, tun watan jiya yake nazarin. Ƙannensa da suka cika mana falo da alkawari, yanzu wayarsu ba ta shiga.

Ki rubuto ki gaya mini ko wurin murmushin ya yi.

Ƙawarki,
Kunkuru


Alhamis

Aku,

Ina gaisuwa, ina fata kina lafiya. Ni ban san me zan ce game da tawa ba.

Littafina ya ɓace ranar Asabar ɗin da na rubuto miki. Bangonsa iri ɗaya ne da na 'yan firamare, ban taɓa lura ba. Barci ya ɗauke ni a awa ta ƙarshe, na bar shi a teburin, Yayarsa ta zo ta tattara duka ta zuba a jaka. Sai a mota na gane. Na kasa gaya wa Mama ta juya.

Talata na zo, kujerar taga da wani tsoho a kai yana minshari. Na tambayi ƙaramar nas, ta ce Na-Taga ya nemi a mayar da shi Litinin, Laraba da Juma'a. Ta ce shi da kansa ya nema.

Yau muna zaune a ɗakin jira, cike da mutane, sai ga Yayarsa. Ba ta gaida Mama ba. Ta tsaya a kaina ta ajiye littafin a cinyata da yatsu biyu kamar ta ɗauko tsumman banɗaki. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Ta ce ita shekara biyu tana ɗauko ƙaninta a kafaɗa daga mota zuwa kujera, ashe a gefensa aka ajiye mai haƙa masa kabari da biro. Ta ce tana ganin ina sunkuyar da kai ta ɗauka kunya ce, ashe awon likkafani nake. Ta ce ranar da yake fama da ransa ma na samu abin rubutawa, to Allah ya ƙara basira. Sannan ta juya ga Mama ta ce a riƙa duba abin da yara ke karantawa.

Wata mata ta ja ɗiyarta daga kusa da ni. Babbar Nas ta kira ni sikeli, ta faɗi nauyina, ba wanda ya yi dariya yau.

Mama ba ta mare ni ba. Da muka koma gida ta kwashe littattafaina duka ta zuba a buhu, har da naki mai shuɗin bango, ta ba mai kwashe shara. Zan nemo miki wani. Na rubutun ne kawai ya tsira, yana cikin rigata.

Na shiga banɗaki na buɗe. Babi shida na farko bai taɓa ba. A na ƙarshe ne na ga ja. Aku, bai zage ni ba, bai ba ni sifili ba. Harafi ɗaya ya bi yana gyarawa. Inda na rubuta “ya kwanta” ya soke y ya ɗora t a sama. “Yana numfashi da ƙyar” ta koma “tana”. “Laɓɓansa” ta koma “laɓɓanta”. A tsanake, da rubutunsa mai kyau, kamar yadda yake yi wa 'yan aji uku. Rabin shafin farko na karanta, na rufe.

Da farko na ji kamar an zuba mini ƙanƙara a baya. Amma na zauna na yi tunani, ki bi ni a hankali. Idan ya mayar da shi ita, dole ya mayar da ita shi. Wato a shafi na biyu shi ne zai shigo ɗakin da gudu. Shi ne zai riƙe hannuna da hannu biyu ya ce yana nan, ba inda za shi. Da hannunsa zai rubuta haka, da jan bironsa. Wanda ya tsane ki ba zai zauna ya bi shafi uku harafi-harafi ba, ko? Wataƙila ita ce hanyar da ya samu ya faɗa, shi ma ba gwanin magana mai daɗi ba ne.

Ban buɗe sauran ba tukuna. Ina so in ɗan riƙe shi haka.

Ki yi mini addu'a, ki kuma gaya mini gaskiya ko kin ga abin da na gani.

Taki,
Kunkuru


Talata

Akuna,

Gaisuwa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da duk 'yan ɗaki. Na ga wasiƙarki. Kin ce in ƙona littafin kada in buɗe. Ta iso a makare da kwana ɗaya.

An yi musu aikin ranar Laraba, shi da Yayarsa, an ce ƙodar ta kama aiki tun a ɗakin tiyata. Ƙaramar nas ce ta gaya mana jiya da muka je karɓar sakamakon jinina, tana ta murna, wai har ya sha ruwa kofi guda a tashi ɗaya ya nemi ƙari. Ba zai sake zama a kujerar nan ba. Na ce mata ta ce ina masa barka. Ta ce an roƙe ta kada ta kai saƙo daga ɗakinmu.

Sakamakon nawa likita bai karanta mini ba. Ya ce in jira a waje, ya yi magana da Mama. Ta fito tana gyara ɗankwalin da ba abin da ya same shi.

Kwana goma sha ɗaya na yi ina ɗauke da littafin ban sake buɗe shi ba, kullum ina ƙara wa shafi na biyu ado a raina. Jiya da muka dawo na zauna a bakin gado na buɗe.

Bai bar ko ɗaya ba, Aku. Duk inda mai ciwon yake, ya mayar da shi ita, har “ta saki numfashinta a hankali kamar mai ajiye kaya”. Amma inda na rubuta ta shigo da gudu, bai mayar da ita shi ba. Ya sa rula ya ja layi a kai. Inda ta riƙe hannu, ya ja layi. Inda ta ce tana nan, inda ta share gumi, inda ta kifa kai a gefen gadon tana kuka, duka ya ja, a miƙe, ba ko karkata. “Ya nemi fuskarta” ya gyara ta koma “ta nemi fuska”, ya bar ta haka.

Na karanta abin da ya rage daga farko zuwa ƙarshe, na tsallake jan layin. Bai kai shafi biyu ba yanzu. Yarinya ce a ɗaki da inji da hasken taga. Ta ɗago ido, ta nemi fuska, ta yi murmushi, ta mutu. Ba wanda ya shigo.

Na so in ce ya ɓata mini labari, amma ya fi nawa tafiya daidai. Ba kalma ɗaya da zan iya mayarwa.

Zan tsaya nan, an kira ni sikeli. Ki gaida Antinki, ki ce na gode da ɗawainiyar kai da kawowa. Idan an yi hutu, in kin samu dama, ki zo ranar Talata ko Alhamis ko Asabar. Ba sai kin kawo littafi ba. Akwai kujerar roba a gefen dama, ɓangaren hannun da babu allura.

Taki,
Kunkuru