Bidiyon Auta Yana Tsalle

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ya aikin madatsar ruwa? Tunda wayarku a can ba ta da amfani sai haska ɗaki, na ba direban motar kayanku wannan takarda.

Maganar 'yarka ce, Auta. Ka san tseren motocin nan da take yi a kwamfutar da ka bar mata, wanda kullum nake faɗa a kansa? Ashe yarinyar nan gwana ce. Ta shiga gasa a intanet, ta zubar da ƙarti har ta kai zagayen ƙarshe, da hannun daman nan nata da injin niƙa ya bar wa yatsu biyu. Ni kuwa ina ta aikenta sayen zare.

Ƙa'idarsu kowa ya ɗauki bidiyon wasansa ya aika. In wasa kawai take yi, lafiya lau. Da ta danna ɗauka sai hoton ya riƙa cijewa, mota tana nan, ƙiftawar ido ta ɓulla can gaba. Alƙalan suka ce tsallen nan alamar maguɗi ce. Sun ba ta zuwa ƙarshen wata ta aiko da mai kyau, in ba haka ba su cire ta, su rufe sunanta. Auta da ko ƙaryar wasa ba ta iya ba. Ko abincin kirki ta daina ci, ni ma raina a ɓace yake.

Kai ne masanin na'ura a gidanmu, ka taimaka.

Ƙanwarka mai ɗinki

*

Ƙanwata,

Wa'alaikumus salam. Saƙonki ya iso, ina lafiya. Na yi farin ciki da labarin Auta, kuma ban yi mamaki ba.

Babu maguɗi a nan. Bidiyo hotuna ne da ake jerawa da sauri. In sun kai sittin a daƙiƙa, ido zai ga tafiya sumul. In suka faɗo sha biyar, sai ya ga tsalle. Kwamfutar ta tsufa, an ɗora mata wasa da ɗauka lokaci guda, kamar ki taka keken ɗinki da ƙafa ɗaya kina jan guga da ɗayar.

Ta yi waɗannan: ta jona ta da wuta, kada ta dogara da batir. Ta rufe duk manhajar da ba ta buƙata. A cikin manhajar ɗauka, ta mayar da aikin kan katin hoto, wato ɓangaren da ke zana hotuna, ƙwaƙwalwar kwamfutar ta huta. Ta ƙayyade wasan a hoto sittin a daƙiƙa, ta rage girman bidiyon. Sannan a share fankar cikinta, a ɗaga kwamfutar ta sha iska. Na san shagonki, audugar yadi ta cika ta.

Ki gaishe ta. Allah ya ba da sa'a.

Yayanki

*

Yaya,

Barka da aiki. Wallahi kamar kana shagon. Abin da muka ciro daga fankar nan ya isa cika ƙaramin matashi. Yanzu kwamfutar tana zaune kan kwarkwaron zare huɗu kamar mai jiran a wanke mata ƙafa.

Ya yi sauƙi sosai, amma da motoci sun taru a kwana sai ya sake cijewa. Auta ta ce in gaya maka akwai kyamara kuma. Wata ƙarama ta maƙala a jikin katakon zarena, tana kallon hannayenta, hoton yana fitowa a gefen bidiyon. Ban tambaye ta dalili ba, ka san halinta in ta ɗaure fuska.

Kwanaki suna tafiya, ka amsa da wannan motar.

Ƙanwarka

*

Ƙanwata,

Gaisuwa mai yawa. Kyamarar ce sauran nauyin. Ta cire ta, hoton zai daidaita nan take. Alƙalan ba su nemi ganin hannu ba, bidiyo mai kyau suka nema.

Kuma ni da ke mun san yarinyar nan. Tun tana ƙarama kike ƙara wa hannun rigarta na dama tsawo don ta ɓuya a ciki. Ko hoton gida aka zo ɗauka, bayana take laɓewa. Ban so ta nuna wa baƙi abin da zai dame ta daga baya, mutanen intanet ba su da ta ido. Ki lallashe ta.

Yayanki

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Na karanta mata takardarka, sai ta ce, "Umma, in na aika bidiyo sumul, gobe wani zai ce na gyara shi ne. Su ga wanda yake tuƙin."

Na ce, "To ai Kawunki ya ce kwamfutar ba za ta ɗauka ba."

Ta ce, "Kawu cewa ya yi nauyi ya yi yawa. Bai ce dole hannuna ne zai sauka ba."

Ina zaune a kan keke ina kallonta. Ta shiga saitin wasan ta kashe inuwa, ta gwada, ya cije. Ta kashe itatuwan bakin titi da 'yan kallo. Ta kashe gajimare. Motar nan tata ja da take goge wa fenti kamar ta gaske, ta rage mata ƙyalli har ta koma kamar kwalin ashana. Abin da ya rage titi ne, da motoci, da hannun Auta a gefe.

Sai ta naɗe hannun riga har gwiwar hannu, ta danna ɗauka.

Yaya, ni na haife ta, amma ban taɓa tsayawa na kalli yatsun nan biyu suna aiki ba. Babban yana kan maɓallin ba da mai, ƙaramin yana tsallakawa birki ya dawo, ga hagu tana juya kan mota. Hoton bai cije ba ko sau ɗaya. Wata mai karɓar ɗinki ta shigo ta tarar da ni ina hawaye, na ce mata allura ce ta soke ni. Ban taɓa alfahari da mutum irin na ranar nan ba.

Ta aika. Muna jira, ka sa mu a addu'a.

Ƙanwarka

*

Kawu,

Ina wuni, ya aiki? Sun amsa, sun ba ni haƙuri, zan yi zagayen ƙarshe. Na gode, dabarunka ne suka buɗe hanya.

Wani a cikin 'yan gasar ya yi dariyar hannuna. Na duba, shi ne wanda na wuce a kwana ta uku.

Umma ta ce in gaya maka ba za ta rubuto a wannan motar ba. Na tara mata rigunana duka a kan keke, tana rage hannun dama.

In ka zo hutu za mu ɗauki hoto, ni ce a gaba.

'Yarka, Auta