Tsamiyar Tsakar Gidanmu

Zuwa ga Yaya Garba, a Jos.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Mu nan Kusfa da sauƙi. Ni da Binta lafiya lau. Goggo ce ƙafarta ta sake kumbura. Sani kuwa tun shekaranjiya bai ci abin kirki ba, shi ya sa na zauna rubuta maka da hannuna, ban sa kowa ba.

Saƙonka ya iso, cewa a sare tsamiyar tsakar gida a gina ɗakin siminti a wurin. Masu faskare sun zo sun auna gindinta, sun ce ran Asabar ta bayan Sallah za su dawo da gatura.

Gida naka ne, Yaya. Tun da na dawo da yaran nan, Binta da Sani, bayan rasuwar babansu ba ka taɓa nuna mini haka ba. Amma ka saurare ni.

Ka tuna ranar da ka karya wa tsamiyar nan reshe garin tsinkar ɗanya? Inna ba ta doke ka ba. Buta ta miƙa maka, ta ce daga yau a gindinta za ka riƙa alwala har ta warke.

Haka nake koya wa nawa. Ba a jifan ɗanyar tsamiya. Ba a zuba shara a kududdufi, sai a juji, mutanen ƙauye su zo da jakuna su kwashe taki. Ruwan alwala da na wankin shinkafa na itace ne. Tun da farin nan ya zo rijiyarmu ta yi ƙasa, guga sai da ƙarin igiya, amma Binta ba ta fasa ba 'yan tsamiyoyin da ta shuka a gwangwanin madara ruwa ba. Sani har faɗa ya yi da 'ya'yan maƙwabta don sun ɓare wa dalbejiyar ƙofar gida ɓawo.

Da masu faskaren suka tafi, Sani ya tambaye ni: "Shi Kawu ba a koya masa ba ne?"

Ina tsoron ranar da itacen nan ya faɗi, duk abin da na gaya musu zai zama surutun mata. Akwai fili ta wajen tsohon turken awaki, magini ya ce ɗaki zai zauna.

Yayana, a inuwarta ka goya ni. Allah ya jiƙan Inna, ya ba mu damina mai albarka, ya sanyaya zuciyarka.

Ka aiko amsa kafin daren Sallah. In kuwa lallai sai an sare, to ka zo da kanka ka gaya wa Sani. Ni ba zan iya ba.

Ƙanwarka,
Asabe